An ce mu kai ƙanena Indiya a yi masa allurar sitem sel a laka, masu sani dan Allah ku shigo

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kuma wlh da gaske nake, duk wanda ya san wani abu a kai ya taimaka saboda Allah. Ƙanena ne mota ta buge shi yana kan babur, ƙashin bayansa ya karye laka ta taɓu. An yi masa aiki an sa ƙarafa, yanzu muna gida an shiga wata na huɗu kenan, hannayensa lafiya lau amma daga cibiya zuwa ƙasa babu motsi, fitsari ma da roba yake yi. To wani ne ya haɗa mu da wani ejan mai kai marasa lafiya Indiya, ya turo mana bidiyoyin mutane suna takawa da sanda, yace allurar sitem sel ake musu, ana ɗibar ɓargon mutum a tace a mayar masa ta gadon baya, wai cikin wata 6 zai miƙe. Kuɗin da ya faɗa sai mun sayar da gidanmu na gado sannan mu ƙara da bashi. Hajiyarmu tace a sayar, ita ko ɗaki ɗaya na haya zata zauna in dai ɗanta zai taka ƙasa. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu, ina tsoron in hana ya zama ni na hana shi warkewa, ina kuma tsoron mu rasa gida mu rasa lafiya. Wai abin nan gaskiya ne?

Hajiya Mai Atamfa:
Allah sarki, Allah ya ba shi lafiya. Ɗana ku kai shi. Ɗan yayata haka ya faɗo daga bene, an kai shi can an yi masa irin wannan allurar, yanzu da sanda yake zuwa masallaci. Gida ana sake ginawa, lafiya fa?

Dakta Abu Safwan:
Wa alaikumus salam. Allah ya sa kaffara ne. Kar a sa gidan nan a kasuwa tukuna dan Allah, zan yi bayani amma ka fara amsa min abu biyu. In an taɓa ƙafarsa ko an ɗan tsikare shi da tsinke yana ji? Musamman wajen dubura, yana jin taɓi a wurin? Na biyu ka duba takardar sallama daga asibiti, za ka ga an rubuta gaɓar da ta karye kamar T da lamba, sannan ASIA da harafi A ko B ko C ko D.

Ɗan Kurna:
Dakta na duba, T10 aka rubuta, ASIA B. Kuma eh yana jin taɓi sama-sama, har wurin da ka faɗa, motsin ne babu.

Dakta Abu Safwan:
Alhamdulillah, wannan labari ne mai kyau fiye da yadda kake zato. A shine babu ji babu motsi gaba ɗaya har ƙasa. B akwai ji babu motsi. C akwai motsi amma mara ƙarfi, D motsin yana da ƙarfin da zai yi amfani, E lafiya lau. Tunda yana jin taɓi har ƙasa to lakar bata yanke gaba ɗaya ba, akwai zaren jijiyoyin da suka tsira suna wuce wurin raunin. Masu B da dama suna matsawa zuwa C wasu har D da kansu, ba allura ba komai sai fisiyo, wato motsa jiki na asibiti, da kulawa. Mafi yawan wannan dawowar a wata 3 zuwa 6 na farko take faruwa, tana ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko ɗaya da rabi. Ban ce dole zai taka ba, babu likitan da zai maka wannan alkawarin, amma yana cikin lokacin da jiki ke nasa gyaran.

To ka ga inda matsalar take. In kuka kai shi yanzu aka yi allurar, bayan wata biyu yatsan ƙafa ya motsa, kowa zai ce allura ce, a ɗauke shi bidiyo a tura wa wani dangin. Wanda bai motsa ba kuwa ba wanda zai ɗauke shi bidiyo. Hajiya ina girmama maganarki kuma na taya ku murna da ɗan yayarki, amma ina so ki tambaya mana wane harafi aka rubuta masa da farko kuma wata nawa da faɗuwar aka kai shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ban san wani harafi ba Dakta, abinda na sani an fita da shi a kwance ya dawo yana zama, daga baya ya miƙe. Bai fi wata 2 da faɗuwa ba aka tafi da shi. Kuma ya daɗe can ana masa motsa jiki kullum safe da yamma.

Dakta Abu Safwan:
Ranki ya daɗe kin ba da amsar da kanki. Wata 2 da rauni, ga fisiyo safe da yamma na tsawon lokaci. Wannan fisiyon ne nake so Ɗan Kurna ya kashe kuɗinsa a kai, kuma ana samunsa a nan gida, a asibitin ƙashi na Dala akwai, a asibitin Malam Aminu Kano akwai, a Shika akwai.

Ɗan Zazzau:
Bari in sa baki domin fannin da nake karatu kenan, kuma bana so mutane su tashi daga nan da tunanin duk maganar sitem sel damfara ce, a'a bincike ne na gaske da manyan masana suka ƙarar da rayuwarsu a kai, kawai bai nuna ba ne tukuna.

Jijiyar hannu ko ta ƙafa in ta yanke aka ɗinke tana sake tsirowa, kusan milimita 1 a rana. Laka da ƙwaƙwalwa su basa haka. Ka ɗauki laka kamar babbar wayar lantarki mai ɗauke da dubban siraran wayoyi a ciki kowacce da robarta da ta lulluɓe ta. Lokacin hatsari wasu sun tsinke, wasu basu tsinke ba amma lulluɓinsu ya saɓule saƙo baya wucewa da kyau. Sannan bayan bugun farko akwai ɓarna ta biyu da ke biyowa cikin awanni da kwanaki, kumburi, ƙarancin jini a wurin, ƙwayoyin garkuwar jiki su taru su ƙara kashe na kusa. Daga baya wurin ya zama rami mai ruwa a ciki tabo ya kewaye shi, kuma tabon nan da ragowar lulluɓin suna fitar da sinadaran da ke hana jijiya tsirowa. Shi yasa ake gaggawar yin aiki a ɗage ƙashin da ya danne laka cikin awa 24 in da hali, binciken da Michael Fehlings na Toronto ya jagoranta a 2012 ya nuna waɗanda aka yi wa da wuri sun fi samun sauƙi.

Sitem sel kuma ƙwayoyi ne da basu gama zama wani abu ba, suna iya hayayyafa su rikiɗe su zama wasu nau'in. Abinda ake fata in an dasa su a laka abu uku ne, ko su zama sabbin ƙwayoyin jijiya su haɗa sama da ƙasa, ko su sake lulluɓe zaren da ya saɓule, ko kuma su fitar da sinadaran da ke rage kumburi su ceci waɗanda basu mutu ba. Na ɓargo da na kitse, irin wanda ejan ɗinku yake magana, basa zama jijiya, iyakacinsu aiki na uku ne, wato rage kumburi, in ma sun yi.

A ɓeraye an ga abin mamaki tun tuni. A 2005 Hans Keirstead a Kalifoniya ya nuna ɓerayen da aka dasa wa ƙwayoyin sati ɗaya da rauni tafiyarsu ta gyaru, waɗanda aka bari sai bayan wata 10 kuwa basu amfana ba. A kan wannan ne kamfanin Geron ya fara gwaji a mutum a Oktoban 2010 a Atlanta, shine gwajin farko da hukuma ta amince a sa wa ɗan Adam ƙwayoyin da aka samo daga na ɗan tayi. Mutum 5 kacal aka yi wa, a 2011 suka dakatar saboda kuɗi. Ba a ga cutarwa ba ko da aka bibiye su shekaru, amma babu wanda ya tashi ya taka. Wani kamfanin, Asterias, ya ɗauka ya gwada a mutum 25 masu raunin wuya, wasu sun samu ƙarin motsin hannu, kuma har yau abin bai zama maganin da ake rubutawa a asibiti ba. Tun 2010 ake abu ɗaya fa.

Abban Nusaiba:
To Japan fa? Na ga labari a Facebook wai sun tayar da wani da ya shanye.

Ɗan Zazzau:
Eh akwai gaskiya a ciki. Shinya Yamanaka ne ya gano a 2006 yadda za a ɗauki ƙwayar fata ta yau da kullum a sa mata ƙwayoyin gado guda 4 ta koma kamar ta ɗan tayi, ana kiransu iPS, ya samu kyautar Nobel a 2012 a kan haka. Sai su Hideyuki Okano da Masaya Nakamura na Jami'ar Keio a Tokyo suka mayar da waɗannan zuwa ƙwayoyin asalin jijiya, suka fara dasa wa mutum a Disambar 2021. Mutum 4 aka yi wa, dukkansu A ne, kowanne ƙwayoyi kusan miliyan 2 kai tsaye cikin lakar, kuma sati 2 zuwa 4 da rauni. A Maris 2025 suka faɗi sakamako, ɗaya ya tashi daga A zuwa D yana iya tsayuwa yana koyon tafiya, ɗaya ya koma C yana iya motsa gaɓoɓi, biyu babu wani canji na a zo a gani. Babu wanda ya samu ƙari a shekarar da aka bibiye su. Ni a wurina wannan babban abu ne wlh, daga A zuwa D ba abu ne da ake gani kullum ba.

Dakta Abu Safwan:
Babban abu ne amma mutum 4 ne, kuma su masu binciken da bakinsu suka ce sai an yi gwaji mafi girma kafin a ce ƙwayoyin ne suka yi aikin. Ko a cikin masu A akwai waɗanda ke matsawa da kansu in raunin sabo ne musamman na wuya. Kuma Japan ɗin nan ina da ja da su. A Disambar 2018 gwamnatinsu ta ba da izini na wucin gadi ga wani magani Stemirac na Jami'ar Likitanci ta Sapporo, ƙwayoyin ɓargon mutum ne ake hayayyafa su a mayar masa ta jijiyar jini, kuɗinsa a lokacin kusan yen miliyan 15. Hujjar ita ce mutum 13 aka gwada 12 suka samu ci gaba. Amma duk sabon rauni ne, wajen kwana 40, kuma babu rukunin da ba a yi wa ba da za a kwatanta. Mujallar Nature ta soki wannan izinin sosai a lokacin. In ƙasa kamar Japan za a iya yi mata wannan tambayar, ina ga asibitin kuɗi da ejan ke tallarsa a WhatsApp.

Ɗan Zazzau:
Na yarda da kai kan Stemirac Dakta. Amma na asibitin Mayo Clinic fa a Amurka? Wanda Mohamad Bydon ya fitar a 2024, mutum 10, an ɗebi kitsen cikinsu ko na cinya an hayayyafa ƙwayoyin zuwa miliyan 100 an zuba ta ruwan laka, 7 suka matsa aƙalla harafi ɗaya, 3 basu canza ba. Kuma su ba sabon rauni bane sosai, kusan wata 11 a matsakaici, lokacin da dawowar jiki da kansa ta fara ja baya.

Dakta Abu Safwan:
Wannan ya fi ƙarfi kam, na yarda. Amma gwajin matakin farko ne, tambayarsa ita ce shin yana cutarwa, ba shin yana warkarwa ba, kuma nan ma babu rukunin kwatance. Shi kansa Bydon yace ba kowa ke amfana ba. Ka lura su Mayo da duk sunansu basu buɗe shago suna sayarwa ba, mataki na biyu suka shiga.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni dai abinda yake damuna da ku 'yan boko kenan, mutum yana cikin tashin hankali ya zo neman ƙwarin gwiwa ku kuma sai lissafi. Uwar yaron nan kun san halin da take ciki? In ba a gwada ba ai ba za a sani ba. Ko bai warke ba sun san sun yi iya ƙoƙarinsu, ba abinda zasu rasa sai kuɗi.

Dakta Abu Safwan:
Hajiya da kuɗi ne kawai da da sauƙi. Akwai wata yarinya Ba'amurkiya da ta samu raunin laka tana da shekara 18, aka dasa mata tsokar cikin hancinta a laka a Fotugal, bata samu sauƙi ba, bayan shekara 8 ciwon baya ya tsananta aka buɗe aka tarar da ƙari yana fitar da majina a cikin lakar, an rubuta wannan a 2014. Akwai wani Ba'amurke Jim Gass, shi shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, ya zaga Meziko da Sin da Ajantina ana masa allurar nan, ya kashe kusan dala dubu 300, ƙarshe likitoci a Boston suka samu ƙari a lakarsa wanda ƙwayoyin cikinsa ma ba na jikinsa bane, ya ƙara shanyewa fiye da da. Banda sanƙarau da ake iya ɗauka in allurar baya bata da tsafta. Ƙanen Ɗan Kurna yana da ji a ƙafa, abu ne da zai iya rasawa. Ita Indiyar ma hukumarsu ta binciken lafiya ICMR a ƙa'idojinta na 2017 tace dashen ɓargo na cututtukan jini ne kawai tabbataccen magani, sauran duk gwaji ne bai kamata a sayar ba. Wannan dashen ɓargon shine ake yi wa masu sikila, a birnin Benin na Najeriya ma an yi a 2011, shi kam sitem sel ne na gaske da ya tabbata, amma ba shi da alaƙa da laka.

Baban Ilham:
Salam. Ni ba likita bane, ni a kan keke nake rubuta muku wannan, shekaru da dama kenan, hatsarin mota a hanyar kasuwar ƙauye, ni A ne tun ranar farko har yau. Hajiya na fahimce ki wlh, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, duk wanda ya kwanta wannan kwanciyar ya san haka. Amma ina so Ɗan Kurna ya ji daga bakin wanda ke ciki. Mu da muka kwanta ɗaki ɗaya a asibiti yawancinmu sun rasu, kuma ba rashin tafiya ne ya kashe su ba, gyambon kwanciya ne da ciwon fitsari da ya hau ƙoda. Wanda gadonsa ke kusa da nawa danginsa gona da shanu suka sayar aka fita da shi waje, ya dawo yadda ya tafi, lokacin kuma babu kuɗin katifa mai kyau babu na canza roba babu na fisiyo, dangi duk sun gaji sun watse domin kowa ya ba da abinda yake da shi a tafiyar. Gyambo ya ci shi har ƙashi. Ina tuna shi kullum.

Ni abinda ya riƙe ni shine ina da inda zan kwana ba mai tashina, an fasa dokin ƙofa an yi min gangara keke na shiga, an faɗaɗa banɗaki, na koyi sa wa kaina roba, na koyi gyaran waya, na yi aure bayan hatsarin ga Ilham nan tana makaranta. Bana cewa na daina son in taka, wlh ina so, duk labarin Japan ɗin nan ina bibiya kuma ina musu addu'a. Amma in maganin ya fito gobe mai rai zai samu, wanda gaɓoɓinsa basu sandare ba, ƙodarsa na aiki. Ku riƙe gidan nan, shi ya fi kowa buƙatarsa.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah sarki bawan Allah, ka sa ni hawaye. Allah ya ƙara maka haƙuri ya raya Ilham. Ni dai har yanzu zuciyata tana ga wanda na gani da idona, amma na ji maganarka.

Anti Zee:
Ba sai kun je Indiya ba, akwai sitem sel na gari da ake zubawa ƙarƙashin harshe, daga tuffa ake yinsa a Turai, yana gyara laka da suga da hawan jini da sikila. Ku min magana ta inbos.

Admin:
Anti Zee talla haramun ce a wannan zauren, balle a kan mara lafiya. Wannan gargaɗi ne.

Ɗan Zazzau:
Dan Allah kar kowa ya saya. Ƙwayar tsiro bata zama ƙwayar mutum, kuma abinda aka busar aka niƙa ya zama gari babu sauran mai rai a cikinsa, ciki zai narkar da shi kamar kowane abinci. Mafi muni masu suga da hawan jini suna ajiye maganinsu saboda irin wannan.

Ummu Hanan:
Ni tambayata ta addini ce, naji an ce daga jariran da aka zubar ake samo su. Ya halatta ma kuwa musulmi ya yi?

Malam Abul Fadli:
Malama ba duka ba. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar musulmin duniya, ta zauna a Makka a 2003 kan wannan mas'alar. Abinda suka tsayar shine ya halatta a samo su a yi magani ko bincike da su in tushen halal ne, kamar daga baligi da izininsa ba tare da cutar da shi ba, ko yaro da izinin waliyyinsa don maslaha, ko mabiyiya da igiyar cibiya da izinin iyaye, ko cikin da ya zube da kansa, ko ragowar ƙwan da ma'aurata suka haɗa don neman haihuwa in sun bayar. Suka haramta wanda aka zubar da ciki da gangan don a samo shi, da wanda aka haɗa daga maniyyi da ƙwan waɗanda ba ma'aurata ba. Na ɓargon mutum ko kitsensa babu ishkali. Amma halaccin abu daban, ingancinsa daban. Neman magani umarni ne, sai dai sayar wa mutum abinda ba a tabbatar ba da alkawarin wata 6 zai miƙe, wannan garari ne da cin dukiyar mutane da ɓarna. Kuma gidan gado haƙƙin magada ne duka, in akwai marayu ƙanana a ciki ba a taɓa rabonsu haka nan.

Ɗan Maraɗi:
Allah shi gafarta Malam mun gode. Ni ɗan'uwana rijiya ta rufta da shi ya daɗe kwance. Shin mutum na iya shiga irin gwajin nan na gaskiya daga nan wajenmu?

Ɗan Zazzau:
Gaskiya da wuya ɗan'uwa. Yawancinsu sabon rauni suke ɗauka na kwanaki ko makonni, kuma sai wanda ke zaune kusa da asibitin domin za a bibiye shi shekaru, wasu ma sai an sha maganin kwantar da garkuwar jiki na watanni. Ana iya duba shafin ClinicalTrials.gov, amma ganin suna a wurin ba shaidar inganci bace, masu kasuwanci ma suna sa nasu. Alamar na gaskiya shine basa karɓar kuɗin maganin a hannunka, akwai kwamitin ɗa'a da ya amince, za a baka takarda mai bayanin haɗarin, kuma ba zasu taɓa ce maka zaka warke ba. Ga masu tsohon rauni ma inaga abinda ya fi kusa ba sitem sel bane, na'urar lantarki ce da ake dasawa a kan laka. Su Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch a Lausanne ta Suwizalan sun nuna mutum 3 masu cikakkiyar shanyewa suna takawa da ita da abin dogarawa a 2022, a 2023 kuma suka haɗa ta da wata a ƙwaƙwalwar wani ɗan Holan yana tunanin tafiya ƙafar na amsawa. Shima gwaji ne har yanzu. Da yawan masana suna ganin ƙarshe haɗawa za a yi, ƙwayoyi da lantarki da fisiyo.

Ɗan Kurna:
Wlh na gode muku duka, Baban Ilham maganarka ta shige ni. Na tura wa ejan tambayoyi, nace ya bani sunan binciken da aka wallafa da adadin waɗanda basu warke ba, sai ya turo wani bidiyon yace in biya rabi kafin Juma'a kar gurbin ya wuce. Zan zauna da Hajiya da kawunmu. Amma tunda an yi maganar gyambo, akwai wani wuri a ƙugunsa ta baya daidai ƙashin zama da ya yi baƙi fiye da sauran fatar, bai fashe ba, muna shafa masa man zafi muna gasawa da ruwan ɗumi. Shi yace baya jin ciwo.

Maman Walida:
Innalillahi, Ɗan Kurna ku daina gashin nan yau ɗin nan. Ni nas ce, wannan da ka faɗa farkon gyambon kwanciya ne, a fatarmu baƙa baya yin ja, duhu yake yi ko ya yi tauri ko ɗumi fiye da gefensa, kuma sau da yawa ɓarnar ta ciki ta fi abinda ido ke gani. Rashin jin ciwon ba alamar lafiya bace, jinsa ne bai cika ba, ruwan zafi zai iya ƙona shi bai sani ba, haka kaskon wuta lokacin sanyi kar a ajiye kusa da ƙafarsa. Kar a murza wurin kar a shafa man zafi. Daga yanzu kar ya kwanta ko ya zauna a kan wurin kwata-kwata, a kwantar da shi a gefe a ɗan karkace a tokare bayansa da filo, wani filon tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin ƙwauri yadda dunduniya zata zama a sama bata taɓa katifa. A juya shi duk awa 2 har da dare, ku raba kwana tsakaninku ku sa ƙararrawa a waya. Zanin gado ya zama a miƙe a bushe, in fitsari ko bayan gida ya taɓa a wanke a tsane nan take. Kar ku sayi zoben roba ɗin nan mai rami a tsakiya da ake zama a kai, yana ƙara datse jini. A ba shi ƙwai da wake da kifi da ruwa sosai. Kullum safe da dare a duba ƙugu, ɗuwawu, dunduniya da idon sawu da fitila.

Gobe da safe ku kai shi a duba wurin, kar ku jira ranar kilinik. In kun je ku tambayi likitansa ko lokaci ya yi da za a cire robar dindindin a koya masa mai sawa a cire duk awa 4 zuwa 6, tunda hannayensa lafiya zai iya da kansa kuma ta fi sauƙi ga mafitsara da ƙoda. In kuma ka ga zazzaɓi ko rawar ɗari ko fitsarin ya yi kauri yana wari, ko cikin dare ne ku tafi.

Baban Ilham:
Ɗan Kurna ka tambayi masu fisiyo su auna shi kafin ku sayi keke, faɗin mazaunin da matashin da ake zama a kai sun fi keken kansa muhimmanci. Kuma in ya fara zama a koya masa ɗaga jikinsa da hannu ko karkata gefe duk bayan minti 15 zuwa 30. In yana so mu yi magana ni da shi ka gaya wa Admin ya haɗa mu.